Daminar da Ƙafar Malam ta Rame

Ruwan shuka na bana a Dutse ya same ni, a gidan 'yata Jummai. Ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa sai iska ta juyo daga gabas, ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigo ya sauka a kanmu. Jikokina suka ruga kwashe shanya, masu adaidaita a bakin titi suka sassauke labule. A birni iyakar abin da ruwan farko yake sa mutane ke nan. Ba mai neman sungumi, ba mai buɗe tukunyar iri. Ni kuwa duk shekarar da wannan ƙamshi ya shiga hancina sai na tuna daminar da maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya karye a ƙafa, da wata tambaya da ta hana ni sakat tun daga noman farko har girbi.

A lokacin muna wani ƙauye ne a bayan Kiyawa, ba a daɗe da yanke mana jiha daga Kano ba. Mu huɗu ne a gidan: Malam, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ni, da Jummai tana goye, ko zama ba ta fara ba. Ƙanensa Habu yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutse, sai an yi hutu muke ganinsa. Ni 'yar ruga ce, cikin shanu na tashi, kuma iyayena ba su da nisa da garinmu. In na fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi na isa.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Rijiyar gari ta ja baya har sai da aka yi wa igiyar guga ƙari. Da rana ƙasa ba ta takuwa in ba takalmi, ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Bijiman Malam biyu na huɗa sun rame, daga bakin zaure kana hango haƙarƙarinsu. Takin zamani ya yi wuyar samu, saboda haka Malam ya duƙufa kai takin gida gona a amalanke, safe da yamma, yana sauri kada ruwa ya riga shi. Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo da la'asar, aka yi wata tsawa, bijimi ɗaya ya firgita ya fizga. Malam ya zamo ƙasa, tayar amalanken ta bi ta kan ƙwaurinsa na hagu. A kan ƙyauren ƙofa maza suka kawo shi gida. Hadarin kuma ya watse, ko yayyafi ba a yi ba.

Aka ɗauko Baba Mai Ɗori daga ƙauyen gabanmu, wani tsoho mai ƙananan idanu da manyan hannuwa. Maza biyu suka danne Malam, Baba ya ja ƙafar har ƙashin ya koma mazauninsa. Ina daga bayan ɗaki na toshe wa Jummai kunne, alhali ni ce mai buƙatar toshewar. Ya shafa man shanu, ya jera karare, ya naɗe da tsumma. Da zai tafi ya ce wa Inna, "Ko gobara ce ta tashi, a ɗauke shi a fitar. Kada ya taka."

Kwana kaɗan bayan haka ruwan shuka ya sauka. Garin duk ya watse gona, gidanmu kaɗai aka bar namiji a kwance yana sauraron tafiyar mutane ta bayan katanga. Maƙwabcinmu Malam Idi, da ya gama tasa, ya zo da sungumi ya sassara mana ramuka. Ni da Inna muka bi shi da ƙwarya, muna zuba iri muna rufewa da diddige, Jummai tana barci a bayana, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Gero ya tsiro shar. Sai kuma sama ta ɗauke. Kullum hadari ya taso da yamma, iska ta kore shi. Tsiron ya lanƙwashe, na kan tudu ya ƙone ƙurmus. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba. Da ruwan ya dawo, dole muka sake shukar rabin gonar, kuma irin da muka sake zubawa daga hatsin ci muka ɗebo shi. Tun ranar Inna ta fara yawan leƙa rumbu.

Huɗa ma a makare aka yi mana. Mun ba Malam Idi bijiman ya yi tasa, sannan ya juyo tamu. Ba laifinsa ba ne, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Ana cikin noman farko Baba Mai Ɗori ya dawo kwance ɗori. Ya warware tsumman, ya zare kararen, ya bi ƙashin da babban yatsa yana gyaɗa kai. Ya ce ya haɗe. Amma ni ba ƙashin nake kallo ba. Malam mutum ne mai cikar sharaɓa, irin ta wanda ya tashi yana bin garma. Abin da ya fito daga cikin tsumman nan kuwa kamar ƙafar wani aka ɗauko aka liƙa masa: siririya, fatar ta yi yaushi tana saɓa, gwiwar ta fito ƙato a sama kamar ƙullin sanda. Har cinyar ta zube. Ga ta dama a gefe, ta ɗan rage amma tana nan da siffarta.

Inna ta rufe baki da mayafi. "Ta shanye," in ji ta a hankali. "Ƙafar ta shanye."

"Ba ta shanye ba, Hajiya," Baba ya ce. "Duk ƙafar da ta kwanta haka take yi. In ya taka za ta dawo."

Da na raka shi zaure da ruwan wanke hannu, na durƙusa na ce, "Baba, naman da ke jikinta, ina ya tafi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi nauyin hadari. "'Yar nan, ni ƙashi nake haɗawa. Nama na Allah ne."

Rama ba baƙuwata ba ce. Duk bazara ina ganin shanun Baffana suna zubewa, tozo ya kwanta, ƙugu ya fito, in ciyawa ta tsiro su murmure. Amma saniya gaba ɗayanta take ramewa, kuma yunwa ce take ramar da ita. Malam kuwa duk ƙarancin da ake ciki ba a taɓa rage masa tuwo ba. Ba ƙurji, ba jini, ba abin da ya fita daga ƙafar nan. Ni nake share ɗakin. Da na je ruga karɓo nono na tambayi Baffa. Ya ce ya taɓa yanka sa mai ɗingishi, ya tarar da cinyar da ba ya takawa ba ta kai rabin 'yar'uwarta ba. Dalili kuwa, ya ce bai taɓa tambayar san ba.

Malam ya gwada miƙewa sau ɗaya, a gaban masu dubiya. Ƙafar ta lanƙwashe kamar danyen kara, ya zube a kan buta. Ba wanda ya yi dariya, amma daga ranar ya ja bargo ya rufe ta, ya daina yarda a shigo da kowa. Inna kuma ta goyi bayan kwanciyar. Ita a ganinta ƙashin ne bai gama ƙwari ba, ko kuma wani ne ya sa hannu. Ta karɓo rubutu, ta karɓo turare.

Sai marka ta kankama. Wanda bai yi marka a ɗakin ƙasa da rumbu ya kusa ƙarewa ba, da wuya ya gane ta. Ruwa ya kwana ya wuni, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa wuta ta ƙi kamawa. Tufafi ba sa bushewa, komai warin danshi yake yi. Ko'ina kore shar, gero ya fi mutum tsawo, ga abinci kana kallo a tsaye amma ba ranar cinsa ba. Tuwo ya koma sau ɗaya, da daddare. Da rana sai kwaɗon tafasa ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli, in ƙulin ya ƙare a ci da gishiri da barkono. Yunwar marka ba ta ihu, sanyi take sa wa mutum a gwiwa da jiri in ya miƙe da sauri.

A cikin wannan hali Habu ya zo hutu, da ɗan garin rogo da wake a buhu, ya yi rabin hanyar a ƙafa saboda wahalar mai. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanen miji, don haka ba na jin nauyinsa. Wata rana da azahar ana yayyafi, ina gyaran tafasa a ƙofar ɗaki, shi yana rumfa yana wasa da Jummai, na ce, "Malamin boko, in tambaye ka mana."

"Matar Yaya, in dai ba aike ba ne, ina ji."

"Akushi ɗaya yayanka yake ci. Tuwo bai san hagu da dama ba. To me ya sa ƙafa ɗaya ta rame ta bar ɗaya? Kuma naman da ya zube, ina yake?"

Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa nake ba. Ya fara jero wasu kalmomi na Turanci. Na ce ya yi mini da Hausa, in ba zai iya ba ya gwada Fillanci.

Sai ya ɗaga rigar Jummai ya nuna 'yar jigidar da na yi mata da duwatsun tsakiya kala-kala. Ya ce jikin mutum duk 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, jere kamar ɗakuna, kuma a cikin kowane ɗaki ana aiki ba dare ba rana. Babban aikin shi ne shirya wani abu da ake kira furotin, wanda shi ne tsoka, shi ne gashi da farce, har abin da ke narkar da tuwo a ciki shi ne.

"Kin ga yadda kika jera tsakiyar nan, ja, fari, fari, baƙi? Haka ake jera shi. In kin ci wake ko kin sha nono, ciki yana tsinke nasu jerin, ya mayar da shi tsakiya ɗai-ɗai. Jini ya kwasa ya kai wa ɗakunan. A can cikin kowane ɗaki akwai tsarin da aka gada daga uwa da uba, wanda ya faɗi wacce za ta bi wacce. Masu jerawa su bi tsarin nan su zura su ɗaya bayan ɗaya, jerin ya naɗe kansa, ya kama aiki."

"To wannan gini ne. Ni rushewa na tambaye ka."

"Ai tare suke tafiya. Kamar yadda ake jerawa, haka wasu suke tsinke wanda ya tsufa, a mayar da tsakiyar cikin ƙwarya a sake amfani da ita. Yanzu haka da muke zaune ana yi a jikinki, ana yi a nawa. In jerawa da tsinkewa sun yi daidai, sai ki ga mutum yana nan yadda yake. Ƙafar Yaya da ta daina aiki, jiki ya ga ba a buƙatarta, sai ya rage jerawa a can ya ƙara tsinkewa. Tsakiyar ba ɓata ta yi ba. Wata ta tafi wurin haɗa ƙashin, wata ta tafi wasu gaɓoɓin, wata an ƙona ta an sami ƙarfi, tokarta ta fita a fitsari."

Na ajiye tafasar. Na dubi hannuna, na juya shi. Na ce, "Wato naman da aka kawo ni gidan nan da shi, ba shi ne a jikina yanzu ba?"

"Yawancinsa an sake shi."

"To ashe auren ma sai an sake ɗaurawa."

Daga cikin ɗaki muka ji Malam ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin tsawar nan.

Na ce wa Habu saura ɗaya: wa yake gaya wa masu tsinkewar wanda ya tsufa da wanda bai tsufa ba? Ya sosa ƙeya ya ce littafinsu bai kai nan ba. Sai bayan shekaru masu yawa, da Jummai ta yi nata karatun ta zama malamar kimiyya ita ma, na sake jefa mata tambayar. Ta ce akwai wata 'yar alama da ake maƙala wa duk wanda ya lalace ko aka gama da shi, kamar yadda Baffa yake ɗaura wa saniyar da za a kai kasuwa igiya a ƙaho. Masu tsinkewa na ganin alamar sai su ja shi cikin wani abu mai kamar bututu su daddatsa. Na ce wa yake ɗaura igiyar? Ta ce akwai masu wannan aikin, su ma furotin ne. Na ce to su wa yake duba su? Ta ce, "Umma, shayinki zai huce."

Abin da Habu ya nanata a ranar shi ne ƙafar tana buƙatar abu biyu: wake, nono, gyaɗa ko kifi don a sami abin jerawa, da kuma aiki don jiki ya san ana son ta. Na biyun yana hannun Malam, kuma ya ƙi. Na farkon yana hannuna. Duk nonon da na karɓo a ruga sai na juye masa. In an dafa wake, na tsame nawa na ƙara a akushinsa, ni na cika ciki da ganye. Ban ɗauke shi wani abu ba. Na lura dai zanena yana ƙara zagaye ni, Jummai kuwa cinyoyinta sai daɗa murɗewa suke.

Ciyawa ta ci ƙarfin gonar, aka kira mana gayya don maimai. Baffa ya aiko da ɗan gero na furar ma'aikata. Tun asuba ni da Inna muke kan turmi, muna jiyo kiɗan gangar noma daga gona, rana ta fito bayan ruwa da irin zafin nan mai tururi. Na ɗaga taɓarya, sai na ga katangar gidan ta karkata. Ban san sauran ba. Na farfaɗo a ƙasa, Inna tana shafa mini ruwa a fuska, Jummai tana tsala kuka, Habu ya baro gona da laka har gwiwa.

Inna ta kama damtsena ta zagaye shi da yatsu biyu. Ta daɗe tana kallo. "Yaushe rabonki da wake?"



Habu ya ce, "Inna, nonon da yarinyar nan take sha, da irin tsakiyar nan ake yin sa. In uwa ba ta ci ba, jikinta ake tsinkewa a ba 'yar."

Inna ba ta san zancen tsakiya ba, amma ta gane. Ta buɗe baki za ta yi magana sai muka ji motsi. Malam ne a bakin ƙofar ɗakinsa, a tsaye, ya riƙe dogaran ƙofa da hannu biyu, gumi yana zuba daga gemunsa. Siririyar ƙafar tana rawa a fili, ba bargo. Bai dubi kowa ba sai ni.

"Wato ni ina kwance ina cin naman jikinki."

"Malam, ba haka ba ne."

"Habu, zo ka ba ni kafaɗa."

Ranar iyakarsa turmi. Ya zauna a kai yana haki, ya sa aka kawo nonon da na ajiye masa, ya ce sai na shanye a gabansa. Ni da ban taɓa ko tauna goro a gaban Malam ba. Inna ta ga na rasa inda zan sa fuskata, ta karɓi ƙwaryar ta ce, "Tashi mu shiga ciki. Ni zan tsaya a kanta." Daga ranar ita take rabon abinci, kuma na sha kama ta tana rage nata.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Daga ɗaki zuwa turmi, daga turmi zuwa zaure, yana cije leɓe, ƙafar ta kumbura da yamma in gasa ta da ruwan ɗumi. Da Habu ya koma Dutse, Baffa ya aiko masa da sandarsa ta kiwo. Ni kuma son sani bai bar ni ba. In ina shafa masa man shanu sai in zagaya sharaɓar da zare in ƙulla, in ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Bayan 'yan kwanaki in sake gwadawa. Da farko ƙullin bai motsa ba, har na fara zargin Habu da tsara ni. Sai wata Juma'a zaren ya ƙi haɗuwa. Na zauna ina kallon ƙafar, ina tunanin masu jerawar nan a ciki, a cikin duhu, suna ta zura waken gonarmu da nonon shanun Baffa. Malam ya ce, "Me kike kallo haka?" Na ce ba komai. Har ya bar duniya ƙafar hagun ba ta cika ta kai ta dama ba, kuma in sanyi ya yi tana yi masa tsami. Amma ta bi garma shekaru masu yawa bayan nan.

Ruwa ya fara ja da baya, gero ya yi ƙwaya, tsuntsaye suka fara sauka. Wata safiya na kai masa kunu na tarar ba ya ɗaki, ba ya zaure, sandar ma ba ta nan. Wani mai wucewa ya ce ya gan shi ya yi hanyar gona shi kaɗai. Gonar da nisa, ga wani kwari mai santsi a tsakani. Inna ta ɗauki mayafi za ta bi shi, ta kai bakin zaure, ta tsaya, ta dawo ta zauna a kan turmi. Muka yi ta jira. Kunun ya huce, na mayar da shi wuta, ya sake hucewa.

Sai da rana ta take muka ji sallamarsa. Wandonsa ya jiƙe da raɓa har cinya, gefen rigarsa duk laka, alamar kwarin ya kayar da shi. A hammatarsa akwai kawunan gero sababbi, na tumu. Ya zauna a bakin rumfa, ya miƙe ƙafar, ya sha ruwa ya ƙoshi. Sannan ya ce, "Kunyoyin gabas, wajen tsamiya, wa ya zuba irinsu?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin cika hannu. Ko'ina a cunkushe, ba a ko rage ba." Ya miƙo mini kawunan geron. "Daga can na karyo waɗannan. Hura wuta, ki fara ba Inna."